Raɗar da Tasalla Ta Sayo a Birnin Faɗa-wuta

A bakin rafin ƙauyen Tsamiya Bakwai akwai wata tsohuwar tsamiya mai kogo, a cikin kogon kuma akwai birni. Mutanen ƙauyen sun san da shi kamar yadda suka san da rijiyarsu, sai dai ba wanda ya taɓa shiga, har shekarar da ƙyashi ya hana Tasalla jin daɗin abinci.

Matan ƙauyen masu kaɗin zaren tsamiya ne. Da damina faɗa-wuta, ƙwaron nan mai fiffike da ke rububin fitila, yakan yi ƙwai a ganyen tsamiya. Ƙwai ya zama tsutsa, tsutsotsi su ci ganye su ƙoshi, su taru su saƙa wa kansu gida. Da kaka mata su yanko gidajen, su bar kaɗan a kan itace don iri, su dafa sauran da ruwan toka, su kaɗa zaren da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Tukunyar dahuwar guda ɗaya ce tak a ƙauyen. Tana shekara a gidan wadda itatuwanta suka fi ba da gidaje, kuma wadda aka ƙwace wa ita ce za ta ɗauke ta a ka, ta kai wa wadda ta ci, mata na biye da ita.

Shekara talatin tukunyar na gidan mahaifiyar Tasalla. Da tsohuwar ta rasu sai aka raba itatuwanta bakwai: huɗu na gabas ga Tasalla, babbar 'ya, uku na ƙetaren rafi ga ƙanwarta Yalwa. A kakar farko Tasalla ta naɗa gammo ta kai tukunyar uwarta gidan Yalwa. Kaka uku ta wuce, tukunyar ba ta dawo ba.

Mata suka ce hannun Yalwa ne ke da albarka. Haka mutane kan kira duk abin da suka yi ƙiwar bincikawa. Da Yalwa mai fahariya ce, da Tasalla ta sami abin riƙewa. Ina, sai dai ta ƙetaro rafi da ƙwaryar fura ta ce, "Yaya, in za ki yi dahuwa ki zo kawai, tukunyar ai tamu ce." Wannan "tamu" ɗin ita ta fi ƙona wa Tasalla rai.

Wata safiya a farkon damina, Tasalla ta ɗaura zanen tsamiyar da uwarta ta bar mata, abu guda da ta gada wanda Yalwa ba ta da irinsa, ta nufi tsohuwar tsamiyar ta buga mata dutse sau uku.

Kogon ya buɗe. A ciki wata tsohuwar aljana na zaune tana kaɗi, hannuwanta shida, kowanne da mazari.

"Sallama gare ki, 'yar Adam mai dafa 'ya'yanmu," in ji aljanar. "Me ya kawo ki?"

"Amincin Allah gare ki, Iya. Ina so in ga mai mulkinku."

"Ƙofarmu ba ta wuce ramin allura ba. Kin yarda in kaɗa ki?"

Tasalla ta ce ta yarda. Aljanar ta shafa alli a yatsa, ta kama ta ta gashin kai, ta murza mazari. Tasalla ta ji tana miƙewa, tana sirancewa, ƙasusuwanta suka zama taushin auduga. Aka zura ta ta wata 'yar kafa a jikin itacen, ta faɗo ɗaya gefen ta dunƙule ta koma mutum.

A gabanta wani kogi ne na ruwan toka yana tafasa, an miƙa zare guda ɗaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wata ƙatuwar tsutsa mai farin gashi, girmanta ya kai rumbu, tana kwance a bakin zaren.

"Gadar nan mutum ɗaya take ɗauka," in ji tsutsar, "ku kuwa ku biyu ne."

Tasalla ta waiga. "Ni kaɗai ce, ranki ya daɗe."

"Akwai wata zaune a ƙirjinki, ta ma fi ki nauyi. Kowane taku, ki faɗi alherinta guda na gaskiya, nauyinta zai ragu. In kin yi ƙarya, yau za ki san abin da 'ya'yanmu ke ji a tukunyarku."

Tasalla ta ɗora ƙafa a kan zaren. Tururi ya daki fuskarta.

"Ta iya tuƙa tuwo," ta ce da ƙyar. Zaren ya tsaya cik.

"Ba ta cin naman mutane."

Ta ƙara taku. "Zarenta ba ya kumburi. Amma ai ni na koya—"

Zaren ya yi ƙara, sili guda ya tsinke, ruwan toka ya fantsamo mata a dunduniya. Ta haɗiye sauran maganar. Haka ta yi ta tafiya tana tono alherin Yalwa kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafarta, har ya rage taku ɗaya, alherin kuma ya ƙare mata sai guda wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Da Inna ta kwanta ciwo," ta ce, "ita ta yi jinyarta wata biyar. Ni sau huɗu na leƙa."

Ta dira a gaɓa. Nan take nauyin ya dawo ƙirjinta, har da ƙari, don yanzu tana jin haushin Yalwa da ta sa ta faɗi haka da bakinta.

Daga nan ta shiga wani kwari cike da fitilu, dubu a kan dubu, ba mai riƙe da su. Ƙasan kwarin tokar fiffike ce har idon sawu. Duk fitilar da ta duba sai ta ga abin da ranta ke so a cikin harshen wutar. A wata ta ga mata suna guɗa a ƙofar gidanta. A wata ta ga zare fari tas ya cika mata ɗaki. A ta tsakiya kuwa ta ga uwarta, da ranta da lafiyarta, tana miƙo mata tukunyar tana cewa, "Karɓi, ke ce babba, ke na fi so."

Tasalla ta nufi wutar hannu a buɗe. Girarta ta ƙone, ba ta ji ba. Bakin kallabinta ya kama, ba ta ji ba. Saura ƙiris ta faɗa sai wani tunani ya zo mata: in ta ƙone a nan, itatuwanta huɗu Yalwa ce za ta gaje su. Ta ja da baya kamar an mare ta. Ta kashe wutar kallabin, ta sunkuyar da kai, ta ratsa kwarin ba ta ƙara ɗaga ido ba.

Birnin kansa da zare aka gina shi, garu da soraye da tituna, komai na lilo a hankali in iska ta taso. Aka kai ta gaban Magira, uwar faɗa-wuta duka, wadda fiffikenta ɗaya ya rufe fada kamar rumfa. A bayanta ƙwai ne jere, iya ganin ido, kowanne na haske daga ciki.

Tasalla ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, Magira. Na zo ne in san abin da ke sa itace ya cika, wani ya rame."

"Ba wannan ya kawo ki ba, 'yar Adam, amma za mu fara da shi. Matso ki leƙa."

Tasalla ta sa ido a jikin wani ƙwai. A ciki ta ga ɗan ƙaramin ɗaki. Akwai allo rubuce, da mai karatu zaune a gabansa, da mai shela tsaye a kansa. Daga rufin ɗakin zare biyu na reto, dukansu dogaye. Mai shela ya buɗe baki ya ce, "Tsallake!" Mai karatu ya tsallake layi biyu na tsakiyar allon, ya ci gaba.

"Wannan ya zama namiji," in ji Magira. "Leƙa na kusa da shi."

Allon iri ɗaya ne, harafi da harafi. Mai karatu na nan, mai shela na nan. Sai dai zaren rufin ɗaya dogo ne, ɗaya gajere. Mai shela ya ja numfashi zai yi kira, sai gajeren zaren ya lanƙwaso ya yi masa raɗa a kunne. Ya rufe bakinsa ya zauna. Mai karatu ya karanta allon duka, bai bar ko layi ba.

"Wannan ta zama mace. Allo ɗaya muke ba su, karatun ne ya bambanta."

"Wa ke rataya zaren, ranki ya daɗe?"

"Uba ya ba da ɗaya, uwa ta ba da ɗaya. Uba dogo kawai gare shi, ba shi da zaɓi. Uwa ce ke da dogo da gajere, wanda ya faɗa wa ƙwai shi ke nan."

Tasalla ta riƙe haɓa. "Ashe gaskiyar mutanen garinmu ne da suke cewa laifin uwa ne in an yi ta haihuwar mata."

Fiffiken Magira ya girgiza, ƙura mai sheƙi ta zubo. Dariyarta ke nan.

"A wurinku abin a juye yake. Uba ne ke ɗauke da gajeren zare, ku kuma ku kama uwa da zargi. Mu nan uwa ce ke yankewa, ba kuma wanda ya taɓa kiran abin laifi. Kun daɗe kuna magana a kan ɗakin da ba ku taɓa leƙawa ba."

Tasalla ba ta damu da wannan ba. Idonta na kan gajeren zaren.

"In aka yi wa mai shela raɗar a ƙwan da zarensa duka dogaye ne fa?"

"Mai shela aiki biyu gare shi. Bayan kiran da yake yi, shi ke rage wa dogayen zaruruwan nan murya, don su biyun in suka yi magana tare sun fi ƙarfin ƙwai. In ya yi shiru, ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba."

"Watau maza su mutu a ƙwai, mata kaɗai su fito."

"Haka ne."

Murna ta kama Tasalla. Tun tana yarinya take jin ana cewa gidan da ba ɗa namiji ya mutu, ba ta kuma taɓa tsayawa ta ƙirga gidajen da ta sani ba ta ga ko haka ne.

"Ki sayar mini da raɗar, ranki ya daɗe."

"Don itacen wa?"

Tasalla ta tuna da kogin toka, ta ga ƙarya ba ta da amfani a ƙasar nan. "Na ƙanwata."

"Ba ruwanmu da ƙanwa da yaya. Sojojina na jin yunwa, sun kuma daɗe ba su ci zare mai kyau ba. Ki ba su zanen da ke jikinki."

Tasalla ta shafa zanen. Har yanzu in ta sa hanci tana jin turaren uwarta a jikinsa. Ta kwance shi ta shimfiɗa. Asu suka fito daga garu kamar hayaƙi, suka rufe shi. Kafin ta ƙifta ido sau uku babu ko bakin zane. Magira ta miƙo mata 'yar batta mai sanyi, wadda in an kara a kunne ana jin wani sis-sis a ciki. Sannan ta kaɗa fiffike sau ɗaya, sai ga Tasalla a gindin tsohuwar tsamiya, daga ita sai ɗan fatari, girarta a ƙone, rana ba ta ko yi zafi ba.

A ranar ta ƙetare rafi lokacin da Yalwa ta tafi gona. Ta bi itatuwan uku ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe battar a ƙarƙashin ganye. Ba ta ji komai ba, sai dai ganyen ya yi shiru, irin shirun ɗakin da aka daina magana don wani ya shigo.

Bayan kwana goma Yalwa ta zo, idanunta jawur.

"Yaya, rabin ƙwaina sun yi baƙi. Ko kin san abin da Inna ke yi in haka ta faru?"

"Inna ba ta taɓa ganin haka ba," in ji Tasalla, tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba. "Wataƙila albarkar ce ta gaji."

Da kaka aka tara gidaje a dandali. Tarin Tasalla ya kere na Yalwa nesa ba kusa ba. Yalwa ta naɗa gammo ta ɗauki tukunyar, ta ƙetaro rafi tana waƙa, ta sauke ta a tsakar gidan yayarta.

"Ta dawo ɗakin babba," ta ce. "Dama nauyinta ya ishe ni."

Tasalla ta so ta ga hawaye. Ba ta gani ba, sai daɗin ya zo mata lami, kamar miyar da ba gishiri. Duk da haka ta girke tukunyar inda duk mai wucewa zai hango ta ta ƙofa, ta kuma jira damina, lokacin da gidajen irin Yalwa za su fashe da mata zalla, zuri'ar ta ƙare a nan.

Ruwan farko ya sauka. Da magariba Tasalla ta je ta zauna a gindin itatuwanta. Gidajen irinta suka fashe, faɗa-wuta suka fito suna shanya fiffike. Matan, masu manyan ciki, suka lafe a jikin bawo suna jira, kamar yadda suka saba. Mazan, masu ƙaho kamar gashin tsuntsu, suka miƙe ƙahonnin suna shinshina iska. Iskar kuwa daga ƙetaren rafi take busowa, inda itace uku ke cike da mata, kowacce na sakin ƙanshin kiranta, babu namiji ko ɗaya da zai amsa.

Na farko ya tashi. Sai na biyu. Sai duk suka tashi gaba ɗaya, suka yi gayya a sama, suka karkata yamma.

"Ina za ku?" in ji Tasalla. "Ga naku nan. Ku dawo."

Ta fizge kallabi ta shiga kaɗa su. Ta kifa ƙwarya a kan biyu, suka sulale ta ƙasa. Ta bi su da gudu har cikin rafi, ruwa ya kai mata ƙugu, tana tsalle tana damƙar iska, suna wucewa ta saman kanta ba wanda ya ko kauce mata. Ta tsaya a tsakiyar ruwan tana kallon mazan itatuwanta na sauka a kan na Yalwa, har ganye ya ɓace a ƙarƙashin fiffike.

Matan itatuwanta suka jira kwana uku a jikin bawo. A na huɗu suka zubo ƙasa, tururuwa suka kwashe. Ta koma tsohuwar tsamiya ta yi ta bugu da dutse har tafinta ya fashe. Kogon bai buɗe ba.

A kakar nan sai da aka tokare rassan Yalwa da sanduna don kada nauyin gidaje ya karya su. Tasalla ba ta kawo ko gida ɗaya dandali ba. Ta naɗa gammo, aka ɗora mata tukunyar, ta kama hanyar rafi, mata na biye.

A ƙofar gida Yalwa ta tare ta, ta taya ta saukewa, sannan ta juya ga matan.

"Ku tsaya ku ji. Bara rabin ƙwaina sun mutu, mata kaɗai suka rage mini. Ranar ruwan farko na fito, da idona na ga Yaya a tsakiyar rafi, ruwa har ƙugu, tana koro mini mazan itatuwanta da kallabinta. Ba ta bar wa kanta ko ɗaya ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Duk abin da kuka gani a kan rassan nan nata ne."

Mata suka ɗauki guɗa. Wata tsohuwa ta kama hannun Tasalla ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ashe haka kike, muna ta yi miki mummunan zato." Tasalla ta duba fuskar ƙanwarta tana neman alamar gatse ko ta sani. Babu. Yarinyar nan da gaske take. A cikin duk abin da Yalwa ta mallaka, wannan ne Tasalla ta ga ba ta da hanyar lalatawa, ba ta kuma da hanyar samu.

Yalwa ta shiga gida ta fito da reshe biyu da ta yanko, kowanne da gidan iri a jikinsa.

"Yaya, ki ɗaura wannan a itacenki na bakin hanya. Baɗi war haka kin farfaɗo."

Tasalla ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya yadda ya kamata a gaban mutane. Ta juya za ta tafi, sai idonta ya faɗa kan reshen da ya rage a hannun Yalwa. Gidan da ke jikinsa ya ɗan fi nata girma. Tun daga nan har ta ƙetare rafi, shi take tunani.